Kwana shida a wani ƙauyen Faransa da kyamara a wuya 🧵

1/ Jama'a, tun da na saka hoton tsohuwar nan mai jar rigar sanyi kuke cika min akwatin saƙo: wace ce, ina ne wurin, wace kyamara ce. Na yi alkawarin ba da labarin. Yau ba ni da aji, ga shayina a gefe. Zaren dogo ne, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

2/ Ga wanda bai san ni ba, ɗan Maraɗi ne ni, ina karatu a Limoges, shekara ta uku ke nan. Ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce. Wata tsohuwar Nikon ce na saya a hannun wani ɗalibi da zai koma ƙasarsu, da gilashi ɗaya tak mai lamba 50. Da ita nake yawo.

3/ Ƙarshen Oktoban bara wani abokina Bafaranshe, ɗan ajinmu, ya tare ni bayan darasi. Ya ce za a sayar da gidan kakarsa da ke ƙauye, ita kuma za a kai ta gidan kula da tsofaffi kafin sanyi ya kankama. Yana so in je in ɗauki gidan kafin a kwashe kaya.

4/ Na ce masa nawa za ka biya? Ya ce abinci da wurin kwana. Na ce an gama 😂

5/ Gaskiyar magana, ba don Allah na amsa ba. Hotuna nake hange. Hazo a kan tudu, jajayen shanu, tsofaffin gidajen dutse, irin waɗanda in ka saka a Instagram mutane za su ce kai wane ka iya. Tsohuwar kuwa ko a raina ban kawo ta ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

6/ Yankin sunansa Creuse, a tsakiyar Faransa. Daga Limoges zuwa garin Bourganeuf kusan kilomita 50 ne, daga nan kuma muka saki babbar hanya muka shiga wata siririya mai lanƙwasa kamar macijiya. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, iyalin ba su so. Gidaje goma sha ɗaya na ƙirga. Huɗu ne kawai hayaƙi ke fita daga bututunsu.

7/ In ka ji Faransa, hasumiyar Paris ce ke zuwa maka a rai. To akwai wata Faransar da motar biredi ke zuwa sau biyu a mako, ta tsaya ta danna oda, tsofaffi su fito da 'yan jakunkunansu. An rufe makarantar ƙauyen tun abokina bai zo duniya ba. Likita sai an shiga mota.

8/ A 1851 mutanen Creuse sun haura 280,000. Yau kusan 115,000 ne. Ba annoba aka yi ba, tafiya ce. Kuma yadda tafiyar ta fara ne ya sa na ji kamar a gida nake.

9/ Ƙasarsu dutse ce, noma ba ya ciyar da gida shekara guda. Sai maza suka koyi gini. In watan Maris ya kama su ɗaura ƙunshi su taka da ƙafa zuwa Paris ko Lyon, su yi ta aza dutse, sai sanyi ya shigo wajen ƙarshen shekara su dawo da ɗan abin da suka tara. Mata ke riƙe gona da yara.

10/ Da abokina ya gama bayani na ce masa mu cin rani muke ce wa wannan. Bambancin kawai, namu bayan girbi suke fita su dawo da damina, nasu da ɗumi suke fita su dawo da sanyi. Kakana ma haka ya riƙa zuwa Kano. Manyan titunan Paris da aka gina zamanin Haussmann, daga 1853 zuwa 1870, akwai gumin 'yan cin ranin nan da yawa a ciki.

11/ Akwai ɗaya daga cikinsu da ya yi suna, Martin Nadaud, haifaffen Soubrebost, nan kusa da inda muke. Yana da shekara 14 ya bi mahaifinsa Paris a 1830 yana ɗaukar kwaɓi. A 1849 ya zama ɗan majalisa. Gidansu yanzu wurin ziyara ne.

12/ To mu koma kan tsohuwa. Shekararta 88. 'Yar ƙarama ce, da kyar ta kai min kafaɗa, amma idonta kamar na alƙali. Ta tarbe mu a bakin ƙofa, ta kalli jikanta, ta kalle ni, ta kalli kyamarar da ke wuyana ta ce: “Wannan ne zai ɗauki gawar gidan?” Ban san me zan ce ba. Na gaishe ta da Madam, na cire hula.

13/ A saman ƙofar an sassaƙa 1867 a jikin dutse, da harufa biyu na sunan wanda ya gina. Kakan kakan mijinta ne, da kuɗin cin rani. Bangon ya kusa kai tsawon hannuna a kauri. Shi ne hotona na farko, kuma shi kaɗai ne na ranar da ban goge ba.

14/ Abinci kuwa, abokina ya riga ya faɗa mata ba na cin alade. Ta yi mana wani abu da suke ji da shi a yankin, dankalin turawa a cikin ɓawon fulawa da kirim, an gasa. Ta ce ta cire naman saboda ni, kuma mijinta da yana raye da ya ce an ɓata shi. Faranti uku na ci.

15/ Da magariba na tambayi inda zan yi sallah. Ta buɗe min ɗakin ɗanta da ya rasu, ta kawo tawul mai tsabta ta shimfiɗa da kanta, ta ja ƙofa. Ba ta tambaye ni komai ba. Washegari na tarar ta matsar da kujerar da ke gabas ɗin don in samu fili.

16/ Yanzu ga inda na yi abin kunya.

17/ Safiya ta biyu na riga kowa tashi. Haske na shigowa kicin ta taga ɗaya, mai laushi, irin wanda masu hoto ke mafarki. Na duba teburin: ledar shimfiɗa mai furanni ta kasuwa, akwatin magungunanta na roba mai ranakun mako, rimot ɗin talabijin, takardun wuta da ruwa. A bango ga kalandar ɗan wasiƙa mai hoton kyanwa.

18/ Na ce a raina wannan ai zai ɓata min hoto. Na naɗe ledar, na kwashe magunguna da rimot na ɗora kan firiji, na sauke kalanda. Na ɗauko wata tukunyar tagulla da ke rataye, na ajiye biredi da wuƙa a kan katakon teburin. Wallahi hoton ya yi kyau. Kamar zanen shekara ɗari biyu.

19/ Ina cikin ɗauka ta shigo da sandarta. Ta tsaya ta daɗe tana kallo. Sai ta ce: “Kicin ɗin wa ye wannan?” Na fara kame-kame ina maganar haske. Ta ce: “Tukunyar nan rabon da a dafa abu a cikinta tun kafin a haifi ubanka. Ni ina nan da raina, ba a gidan tarihi nake zaune ba.”

20/ Ta ɗauko akwatin maganin daga kan firiji, sai da ta yi ɗage, ta dire shi tsakiyar teburin. Ta buɗe gidan Talata ta haɗiye ƙwayoyinta. Har azahar ba ta sake kallona ba.

21/ Abin da ya fi ci min rai, ni ne fa mai zagin Turawan da ke zuwa ƙasarmu da kyamara. Su wuce jami'a, su wuce masu gyaran waya, su nemi raƙumi da yaro mara takalmi. Na taɓa ganin wanda ya ce wa wani Bafulatani ya ɓoye wayarsa kafin ya ɗauke shi. Na yi kwana biyu ina surfa masa a nan dandalin. Ga ni na yi irinta sak, a kicin ɗin tsohuwar mutane.

22/ Na mayar da komai inda yake, har kalandar kyanwa. Na same ta a bayan gida tana tsintar shatenyi, wasu 'ya'yan itace masu ɓawon ƙaya kamar bushiya, da a da can su ne abincin talaka a yankin in hatsi ya ƙare. Na ba ta haƙuri. Ba ta amsa ba, ta dai miƙo min kwando. Ƙayar nan ta ci yatsuna, na ɗauka hukuncina ke nan.

23/ Daga ranar na sa wa kaina doka: ba na taɓa komai, ba na ɗaukar mutum sai na tambaya. A Faransa ma doka ta ba mutum iko a kan hotonsa, ba ka watsa fuskar wani haka kawai. Amma ba tsoron doka ya gyara ni ba, idon matar nan ne.

24/ Maƙwabcinta mai shanu na fara gwada dokar a kansa. Jajayen shanun nan da ake kira Limousine yake kiwo, na nama. Na ce zan iya ɗaukar ka? Ya ce a'a. Na ce shanun fa? Ya ce tambaye su 😅 Na bi shi kwana biyu ina tura baro ina ɗaukar ciyawa, kyamara na cikin jaka.

25/ Rana ta uku da sassafe, hazo ya rufe kwarin, ya jingina da ƙyauren makiyaya yana ba ni labarin 'ya'yansa biyu, ɗaya a Bordeaux ɗaya a Paris, babu mai son gonar. Can ya ce, “To ɗauka mana, me kake jira?” Sau ɗaya na danna. Bai ba ni izinin sakawa ba, don haka ba za ku gan shi ba. Shi ne hoto mafi kyau da na taɓa ɗauka, kuma daga ni sai shi muke da shi.

26/ Ga masu tambayar dabara: babu wata dabara. Ƙarshen Oktoba rana ba ta hawa sama sosai a can, haskenta a kwance yake zuwa kusan duk yini, shi ke fito da kaushin dutse. A cikin ɗaki ban kunna filashi ko sau ɗaya ba. Taga ce fitilata, in jingina gwiwar hannu da tebur, in riƙe numfashi.

27/ Mun leƙa Bourganeuf sayayya, na ga abin da ban zata ba. Akwai wata hasumiya da suke kira Zizim. Ɗan Sarkin Daular Usmaniyya ne, Cem ɗan Mehmed na biyu, da ya sha kaye a rikicin sarauta da ɗan'uwansa, aka tsare shi a nan daga 1486 zuwa 1488. Yarima Musulmi a tsakiyar dajin Faransa. Yau kuma akwai Turkawa da yawa a garin, aikin katako ya kawo iyayensu.

28/ Wannan ratse ne. Mu dawo gida.

29/ Dare na uku, bayan cin abinci, ta ce wa jikanta ya hau sama ya sauko da gwangwanin biskit da ke ƙarƙashin gado. Ya kawo. Ta buɗe ta juye a kan ledar nan mai furanni da na raina. Hotuna ne, sun fi ɗari biyu. Wasu a kan kwali mai kauri, wasu ƙanana masu baki kamar haƙoran zarto.

30/ Ta ce min: “Kai mai son tsofaffin abubuwa, ga su nan.” Sannan ta ce in daina ce mata Madam, in ce Mami kamar yadda jikokinta ke faɗa. A nan na san an yafe min.

31/ Wasu hotunan an rubuta suna da shekara a baya da fensir. Mafi yawa babu komai. Abokina ya ɗaga ɗaya, wasu maza bakwai a gaban bangon da ba a gama ba, da cokulan gini a hannu. Bai san ko mutum ɗaya ba. Ita kuwa ta bi su da yatsa tana faɗa: wannan kawun mijina, wannan ya faɗo daga kan gini a Lyon, wannan ya tafi bai sake aiko wasiƙa ba.

32/ A nan jikina ya yi sanyi. Duk duniya ita kaɗai ta rage da ta san mutanen nan. Ranar da ta manta, ko ta tafi, sun zama takarda. Irin waɗanda nake gani a kasuwar tsofaffin kaya a Limoges, kwali guda na fuskokin mutane ana sayarwa kamar gwanjo.

33/ Sai muka raba aiki. Ni in ɗauki kowane hoto gaba da baya in ba shi lamba. Abokina ya kunna rikoda a waya yana rubutawa a littafi. Mami ta yi ta magana. Dare uku muka yi a haka, da rana kuma in sake ɗaukar waɗanda fitila ta sa wa ƙyalli.

34/ Wanda zai yi wannan a gidansu, ga abin da na koya da wahala. Shimfiɗa hoton kusa da taga, ba cikin rana ba. Kyamara ko waya ta kalle shi daga sama daidai, kar ta karkace. Ɗauki bayan ko da babu rubutu, wani lokaci tambarin mai hoton na nan da sunan gari. Kuma faɗi lambar da baki a cikin rikodin kafin tsohuwa ta fara bayani, in ba haka ba daga baya ba za ka san wa take nufi da “wannan” ba. Mun yi asarar kusan hoto ashirin a daren farko saboda haka, sai da muka maimaita.

35/ Akwai hoton wani saurayi cikin kakin soja, gashin bakinsa bai gama fitowa ba. Ƙanin kakanta ne. Washegari ta sa muka kai ta dandalin hedikwatar ƙauyukan, gaban dutsen tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918. Kusan kowane gari a Faransa na da irinsa, don sojoji kusan miliyan 1.4 suka rasa. Ta nuna min sunansa. Sunan gidansu ya fito sau uku a jerin.

36/ Abin da ya ba ni haushi da sha'awa lokaci guda: a daren abokina ya buɗe kwamfuta ya shiga shafin ma'ajiyar tarihin jiharsu, kyauta, ya nemo takardar haihuwar yaron da ta shigarsa soja, har tsawonsa da launin idonsa. Tun 1792 ofisoshin magadan gari ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, kafin nan coci ke yi. Ni ko shekarar haihuwar babana, “wajen” aka rubuta a katinsa.

37/ Amma takarda ma tana da iyaka. Akwai wata budurwa da keke, ta fito a hoto uku, tana dariya a duka. A ɗaya ma ta dafa kafaɗar Mami suna 'yan mata. Mami ta riƙe hoton ta daɗe. Ta ce, “Na san ta. Na san ta sarai.” Sunan ya ƙi zuwa. Ta buga tebur da tafin hannu, ta tashi ta shige ɗaki ba sallama.

38/ Da safe ta ce kar mu sake nuna mata shi. A littafin, lamba 114, abokina ya rubuta “mai keke”. Har yau haka yake.

39/ Za ku ce me ya sa ba za su bar gidan ba? Na tambaya. 'Ya'yanta uku ne da rai, dokarsu ta ba kowane ɗa haƙƙi a gado, babu mai iya biyan sauran ya riƙe, babu mai son dawowa. Rufin na son gyara, kuɗin gidan tsofaffi kuma duk wata ne. Na ji ana wannan lissafin a waya da daddare, murya na tashi. Rigimar gidan gado dai, duk inda ka je yarenta ɗaya.

40/ Ranar 1 ga Nuwamba suke ziyarar kaburbura, su kai furanni. Ƙauyen da ba kowa sai ga motoci masu lambobin Paris da Lyon. Mami ta sa jar rigar sanyin nan, ta wanke dutsen kabarin mijinta da soso. Ban ɗaga kyamara a maƙabarta ba, raina bai ba ni ba.

41/ Da muka dawo ta zauna a teburin kicin, ta jawo akwatin magani gabanta, rimot a gefe, ta gyara wuyan riga ta ce: “Yanzu ɗauka.” Shi ne hoton da kuka gani. Masu cewa in goge robar maganin da Photoshop don hoton ya fi kyau, ga dalilin da ya sa ban amsa muku ba. Ita ta ce in saka shi, da sharaɗin ba suna.

42/ Ina nuna mata a bayan kyamara sai ta ce: “To kai fa? Nuna min gidan kakarka.”

43/ Na ciro waya da ƙarfin gwiwa. Hoto sama da dubu huɗu ne a ciki. Na yi ta ja. Paris. Dusar ƙanƙarar farko da na gani. Abinci. Ni a gaban jami'a. Ni a gaban motar da ba tawa ba. Tana zaune tana jira, ni ina ta ja da yatsa, zufa na keto min cikin sanyin nan.

44/ Ɗaya na samu. Ranar sallah, shekara huɗu da suka wuce, ni da Kaka a ƙauyenmu kudu da Maraɗi. Kuma na tuna sarai na yanke gefen hoton kafin in saka shi, don kar abokaina su ga katangar ƙasa da rumbu. Ina da hoton ƙofar Mami kala goma sha biyu. Zauren da aka yi sunana a cikinsa ba ni da ko ɗaya.

45/ Mami ta karɓi wayar ta kusanto da ita ido. Ta ce kakarka kyakkyawa ce, shekararta nawa? Na ce ba mu sani ba. Ta ce mijinta fa? Na ce ya rasu, hotonsa ɗaya ne, na katin shaida, ban ma san hannun wa yake ba. Ta miƙo min wayar ba ta ce komai ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

46/ Ga ƙarin abin: a watan da ya gabaci tafiyar, kawunaina sun yanke shawarar rushe ɓangaren ƙasa na gidan a yi na bulo. Har da kuɗina a cikin na siminti, na aika ina alfahari. Kuma ba na nadama, damina biyu da suka wuce bango ya kusa danne mutane, Kaka ta cancanci ɗakin da ba ya yoyo. Amma ko sau ɗaya ban ce a ɗauki hoto kafin a sa diga ba.

47/ A daren na fita waje inda ake samun layi, kusa da wurin wankin ƙauyen na da, na kira ƙanwata. Na ce gobe ki shiga mota ki je ƙauye, zan turo kuɗin mota da na kati. Ta ce lafiya? Wani ya mutu? Na ce ba wanda ya mutu, hoto za ki ɗauko min. Ta ce Yaya sanyi ya taɓa maka kai.

48/ Ta je bayan kwana uku. Rumbun an riga an rushe shi. Zaure na nan, da ɗakin Kaka da jerenta na kwanoni da tasoshi har rufi, da turmin da ya girmi babana. Na ce mata kar ki gyara komai, kar ki kawar da komai, har bokitin roba da cajar waya.

49/ Kaka kuwa ta ce sam. Ba mai ɗaukar ta da zanen aiki. Sai da ta yi wanka, ta sa atamfar sallah, ta sa kwalli, aka nemo madubi. Na so in ce a bar ta yadda take, sai na tuna wa ke da kicin ɗin. Na yi shiru.

50/ Ta aiko min da saƙon murya na minti tara. Rabinsa tsiya ce: wai mijin nata ya tafi ƙasar Nasara ya samo tsohuwar Baturiya ya manta da uwargida, to ta ji labari, kuma kishiyar ta zo ta same ta 😭 Sauran rabin kuwa sunaye ne. Ƙanwata ta tambaye ta wa ya gina zauren, sai ta ɓalle: wane ya haifi wane, daga ina suka taso, wace shekarar yunwa ce ta kawo su nan. Kaka bakwai ta lissafa ba ta numfasa ba. Ban taɓa jin biyar daga ciki ba.

51/ Na saurare shi ya fi sau ashirin. Na rubuta sunayen a bayan littafin darasina, na ajiye saƙon wuri uku, don na san halin waya. Ƙanwata ta koma sau biyu tun daga nan, yanzu muna da kusan awa huɗu na muryar Kaka. Katin shaidar kakana ma ya fito, a cikin wata tasa yake a can ƙasan jere.

52/ Gidan Mami an sayar da shi a watan Afrilu, wasu mata da miji daga Holan suka saya, za su riƙa zuwa hutu. Abokina ya ce sun cire ledar, sun bar tukunyar tagulla a rataye. Mun buga hotunan littafi huɗu, ɗaya nata, uku na 'ya'yanta.

53/ Na kai mata nata da kaina a gidan tsofaffin. Ta gane ni, amma ta ɗan jima kafin ta tuna daga ina. Ta buɗe shafi-shafi har ta zo kan mai keke, ta tsaya, ta wuce. Na kunna mata saƙon Kaka ina fassarawa. Da na zo wurin kishiya ta yi dariya har da tari, ta ce in gaya mata ta riƙe kayanta, ita ta gama da maza.

54/ Zauren namu an rushe shi bayan ƙaramar sallah. Hoto goma sha ɗaya ƙanwata ta ɗauka da wayarta, uku sun yi duhu, ɗaya yatsanta ya rufe rabi. Zan saka su gobe in Allah ya kai mu, in Kaka ta yarda. Na aika a tambaye ta, ta ce sai an nuna mata su tukuna ta zaɓa.